Hanyar zuwa filin wasa: laifin 'yan kallo ne ko na masu shiri?

Abban Safiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna, don na lura duk lokacin da aka yi babban wasa sai ta taso, a yi ta surutu kwana biyu, a manta. Wasan ƙwallo minti 90 ne, da hutun rabin lokaci da ɗan ƙari a ce sa'a biyu. Amma wanda ya je kallo a fili, lokacin da hanya ke ci masa tsakanin zuwa da dawowa ya ninka haka, wani a cikin gosulo, wani a tsaye a layin jiran mota. Idan kuma abu ya lalace, maganar farko da ke fitowa daga bakin masu shirya wasa ita ce 'yan kallo ba su zo da wuri ba. Ni ban yarda da wannan ba. A ganina an riga an yanke wahalar hanya tun ranar da aka zaɓi inda za a gina filin, aka kuma tsayar da lokacin take wasa, kuma mai tikiti ba shi da hannu a ko ɗaya. Me kuka gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Abban Safiya, ka wanke 'yan kallo tas, kuma ba haka abin yake ba. Da sanyin safiya ake kama fara. Ana buɗe ƙofofi sa'a biyu, wani lokaci uku, kafin wasa. Mutum ya zauna a gida sai saura minti 40 sannan ya tayar da mota, shi da dubban masu tunani irin nasa, su haɗu a mahaɗa ɗaya, sannan ya ce an zalunce shi? Wanda ya fito da wuri ba ya ganin rabin wannan wahalar.

Sani Gunners:
Malam, da girmamawa, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai na 2022 ya rushe wannan hujjar. Ranar 28 ga Mayu, Liverpool da Real Madrid, a Stade de France da ke wajen Paris. Magoya bayan Liverpool da yawa sun iso sa'o'i kafin wasa. Abin da ya faru shi ne ma'aikatan layin jirgin RER B, wanda ya saba kwasar yawancin masu zuwa filin, sun shiga yajin aiki, sai jama'a suka koma layin RER D. Daga tashar wannan layin hanya takan bi ta wani matsattsen lungu a ƙarƙashin babban titi, a ƙarshensa kuma ga shingen duba tikiti wanda ba a yi shi don irin wannan taro ba. Mutane suka taru suna matse juna, babu gaba babu baya. Aka jinkirta wasa da minti 36, 'yan sanda suka riƙa fesa barkonon tsohuwa har kan yara, a allon fili kuma aka rubuta wai 'yan kallo ne suka makara. Ministan cikin gida na Faransa a lokacin, Gérald Darmanin, ya ɗora laifi kan tikitin jabu. Daga baya Majalisar Dattawan Faransa ta ce an ɗora wa magoya bayan Liverpool laifin da ba nasu ba, sannan a Fabrairun 2023 kwamitin bincike mai zaman kansa ya ce hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ce ke da babban alhaki. Waɗannan mutanen sun yi abin da ka ce a yi, Malam. Sun fito da wuri.

Malam Habu:
Na ji wannan, kuma ban ce masu shiri ba sa laifi ba. Amma wasa ɗaya ka kawo. Ni ina magana ne a kan wasannin kowane mako.

Injiniya Lawal:
Bari in sa baki, don aikina ya shafi tsara hanyoyi. Malam Habu yana da gaskiya a rabin tafiyar, wato zuwa. Shiga fili takan bazu cikin sa'a biyu ko uku, don haka wanda ya riga zuwa ya huta. Fita kuwa ba ta da wannan sauƙin. Alƙalin wasa na busa usur, mutanen da suka shigo a hankali duk za su miƙe cikin minti goma sha biyar. Kamar a juye tulu guda a cikin mazurari ne, ƙaramin bakin shi ke yanke hukunci.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Fili mai ɗaukar mutum 60,000, a ce kowa ya zo a mota, mutum uku a kowace. Motoci 20,000 ke nan. Layi ɗaya na babban titi, idan komai na tafiya daidai, ba ya wuce kusan mota 2,000 a sa'a. Ko da an ba filin layi huɗu nasa shi kaɗai, sai an yi sa'a biyu da rabi kafin mota ta ƙarshe ta fita. Kuma ƙofar wurin fakin ba babban titi ba ce: akwai kwana, akwai danja, akwai masu tafiya a ƙafa da ke ratsawa, don haka abin ya fi haka muni. Jirgin ƙasa na cikin birni kuwa, guda ɗaya yana iya kwasar kusan mutum 1,000. Idan yana zuwa duk bayan minti uku, mutum 20,000 ke nan a sa'a, a kan layi ɗaya tak. Shi ya sa nake tare da Abban Safiya cewa tun ran gini tun ran zane. Filin da aka kafa inda hanya ɗaya ce ke shiga, ba ɗan sanda ko mai ba da hannu da zai iya gyara shi ranar wasa.

Nazir:
To Injiniya, ai mafita a fili take. A gina a bayan gari inda ƙasa ke da yawa, a shimfiɗa wurin fakin mai faɗi kamar yadda ake yi a Amurka. Kowa ya zo da motarsa, babu turereniya a tasha.

Injiniya Lawal:
Ƙanina, an gwada, kuma muna ganin sakamakon. Filin Dodger da ke Los Angeles, na wasan besbol, an buɗe shi a 1962, kujeru 56,000, wurin ajiye mota kusan 16,000. Yau fiye da shekara sittin ke nan, kuma abin da aka fi sanin 'yan kallonsa da shi shi ne zuwa bayan an fara wasa da tashi kafin a gama, duk don gudun cunkoso. Wurin fakin yana ba motar wurin tsayawa ne kawai, ba ya faɗaɗa titin da za ta bi. Sannan ka duba ƙasar da yake ci. Kowace mota, da hanyar shiga da fita, tana buƙatar kusan murabba'in mita 25. Motoci 20,000 sun cinye hekta 50, kusan filin ƙwallo 70, kuma yawancin kwanakin shekara babu kowa a kai.

Filin AT&T da ke Arlington a jihar Texas ya fi haka: kujeru 80,000, kuma babu jirgin ƙasa da ke zuwa wurin. Wanda ba shi da mota sai ya yi haya, motar hayar kuma ta shiga layi ɗaya da sauran.

Hajiya Rabi:
Ina bin maganarku, amma Injiniya akwai waɗanda lissafinka bai ƙirga ba. Mahaifina mai son ƙwallo ne tun yana saurayi, yanzu a keken guragu yake tafiya. Mun taɓa kai shi wani babban wasa, da tikitinsa na wurin masu buƙata ta musamman. An rufe tituna tun daga nesa da fili, jami'in da ke kan shingen bai san komai game da wurin sauke irinsu ba, ya ce mu juya. Muka ajiye mota muka tura keke a gefen titi cikin jama'a, wani wuri babu gangaren hawa sai an ɗaga shi. Bayan wasa kuma tasha ta cika maƙil, ko da akwai na'urar hawa bene ba ka isa kusa da ita ba. Idan ana cewa kowa ya bar mota ya hau jirgi, a tuna da tsofaffi, da mai goyo, da wanda ya zo da yara ƙanana. Ga irinmu mota dole ce.

Abban Safiya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Hajiya. Wannan ma yana cikin abin da nake nufi. An sayar masa da kujera a ciki, amma ba a yi tunanin yadda zai iso kujerar ba.

Injiniya Lawal:
Hajiya, ba na neman a hana mota. Ina neman a rage motocin waɗanda za su iya hawa jirgi, domin titi ya samu sarari ga irin Baba da motar asibiti. Duba Allianz Arena ta Bayern Munich. Tana bakin babban titi, tana da gidan ajiye motoci mai ɗaukar kusan 10,000, sannan ga tashar jirgin ƙasa ta Fröttmaning a kan layin U6. Tsakanin tashar da filin akwai 'yar tafiya a ƙafa ta kusan minti goma sha biyar a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Mutane kan yi ƙorafi a kan wannan tazarar, amma tana da amfani: mai sauri ya yi gaba, mai nawa ya biyo baya, taro ya miƙe kafin ya isa tasha. Tashar da ke manne da ƙofar fili ita ce ta fi haɗari.

Sani Gunners:
Haka ne. A Emirates, filin Arsenal da aka buɗe a 2006, biyu daga cikin tashoshin da suka fi kusa, Holloway Road da Drayton Park, su ne ake rufewa ko a taƙaita amfani da su ranar wasa, saboda ba za su ɗauki taron ba. Ana tura mutane tashar Arsenal da Finsbury Park da Highbury and Islington. A Wembley kuma, mai kujeru 90,000, tashoshi uku ne, kuma bayan wasa jami'ai kan tsayar da jama'a a kan Olympic Way, su riƙa sakin su kashi-kashi zuwa tashar Wembley Park. Akwai jira, amma layin yana motsi kuma ka san inda ka dosa.

Anti Kulu:
Ku masu zuwa kallo ne, ni kuwa kusa da wani babban fili nake zaune, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu. Ranar wasa tun da rana motoci ke cika lungunanmu, don masu su ba sa son biyan kuɗin fakin ko suna son su riga kowa fita. A tare maka ƙofa, ka rasa mai motar sai bayan sa'a uku. Akwai ranar da maƙwabciyata ta kamu da naƙuda ana tsakiyar tashi daga wasa, motar da za ta kai ta asibiti ta kasa shigowa layin, sai da aka riƙo ta a ƙafa zuwa bakin titi. Allah ya sa ta sauka lafiya. Don haka masu cewa a kawo fili tsakiyar gari, ku sani akwai masu biyan kuɗin wannan sauƙin naku da kwanciyar hankalinsu.

Nazir:
Ka ji ko, Injiniya? Ni dai har yanzu bayan gari ya fi.

Baba Direba:
Yaro, bari wanda ya tuƙa ya gaya maka. Na daɗe ina ɗaukar 'yan kallo a babbar bas. Filin bayan gari, in ba jirgi, bas ce ke ɗaukar nauyinsa, kuma bas ba ta tashi sama. In ba a ware mata layinta ba, tana nan cikin gosulo ɗaya da ƙananan motoci, mutum hamsin a ciki suna jiran mota mai mutum biyu ta wuce. Sai ka ga fasinja sun ce a buɗe musu ƙofa, su sauka a kan babban titi su ƙarasa da ƙafa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Bayan wasa kuma matsalar tana wurin jera motocin. A jera mu hanci da wutsiya a fili ɗaya mai ƙofa ɗaya. Motata ta cika, amma ta gabana tana jiran mutum biyu da ba su fito ba, to duk mu zauna. Babu fitila mai kyau, babu lamba a kan layuka, mutum ya fito cikin dare yana neman motarsa cikin ɗaruruwa masu kama ɗaya. Kuma ku lissafa: in mutum 20,000 za a kwashe, hamsin-hamsin, sawu 400 ke nan. Wa ya zauna ya tsara ta inda sawu 400 za su fita? Yawanci babu.

Sani Gunners:
Baba, abin da ka faɗa shi ya faru a Istanbul a 2023, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai tsakanin Manchester City da Inter Milan a filin Atatürk. Filin yana can gefen birni. An shawarci magoya baya su hau bas ɗin da aka tanada, suka shafe sa'o'i a hanya, wasu suka sauka suka bi gefen titi. Wasan kuma sai ƙarfe 10 na dare agogon can aka take shi, don ya dace da masu kallo a talabijin a yammacin Turai. Aka tashi kusan tsakar dare, aka sake maƙalewa a wurin fakin. Shekara ɗaya kacal bayan abin da ya faru a Paris.

Abban Safiya:
Lokacin take wasa shi ne abin da ya fi ci mini rai. Wanda ke kwance a falo da rimot shi ake dubawa, wanda ya sayi tikiti ya taso daga nesa kuma ya san yadda zai yi da jirgin ƙarshe. A Afrilun 2022 an haɗa Liverpool da Manchester City a wasan kusa da ƙarshe na Kofin FA. Ƙungiyoyin biyu daga arewa maso yammacin Ingila suke, amma aka ce sai Wembley, a ƙarshen makon Ista da aka dakatar da jiragen da ke shiga tashar Euston ta Landan saboda gyaran layi. Magoya bayan ɓangarorin biyu da magadan garin biranen biyu suka roƙi a mayar da wasan kusa, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta ƙi, ta ba da bas 100 kyauta. Ku auna bas 100 da dubban mutanen da za su yi tafiyar.

Injiniya Lawal:
Aƙalla UEFA ta motsa a nan. Ta sanar a 2025 cewa daga 2026 wasan ƙarshe na Zakarun Turai zai koma ƙarfe 6 na yamma agogon tsakiyar Turai maimakon 9 na dare, kuma cikin dalilan da ta bayar har da samun abin hawa bayan wasa.

Malam Habu:
Duk na karanta. Amma ku ba ni dama in tsaya a kan abu ɗaya, don kada a fita daga nan a ce ɗan kallo ba ya laifi. A wasan ƙarshe na Euro a Wembley, Yulin 2021, binciken da aka yi ya gano kusan mutum 2,000 sun kutsa ba tikiti. A wasan ƙarshe na Copa América na 2024 a Miami, Ajantina da Kolombiya, marasa tikiti suka afka wa ƙofofi, aka jinkirta wasa fiye da sa'a guda. Wa ya aike su? Mai tare ƙofar Anti Kulu da motarsa, shi ma hukuma ce ta sa shi? Mai bin hannun da ba nasa ba don ya riga kowa, ya toshe masu tahowa, fa? Tsari komai kyansa sai da mutanen da za su bi shi.

Hajiya Rabi:
A nan ina tare da kai, Malam. Wuraren da aka ware wa masu keken guragu ma lafiyayyu ke cinyewa.

Abban Safiya:
Na karɓi wannan, Malam, masu irin wannan hali suna nan. Sai dai mai shirya taron mutum dubu sittin ya san suna nan tun kafin ya sayar da tikitin farko, kuma aikinsa ne ya yi shiri da saninsu: shinge tun daga nesa, motar janye duk wadda ta tare hanya, isassun ƙofofi a buɗe. In bai yi ba, wanda ya bi doka ne ke shan wuya. A filin Olembé na Yawunde, ranar 24 ga Janairun 2022, wasan Kamaru da Komoros a Gasar Cin Kofin Afirka, mutum takwas suka rasu a turmutsitsi a ƙofar shiga. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF), Patrice Motsepe, ya ce ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe an same ta a rufe. Jama'ar da hanya ta riƙe, suka iso gab da take wasa suna jin ihun ciki, ba sa tafiya a hankali. Cunkoson titi yakan koma cunkoson ƙofa.

Nazir:
Allah ya jiƙansu. To wai babu inda aka yi daidai ne?

Sani Gunners:
Katar a 2022 ta yi ƙoƙari. Filaye takwas kusa da juna, jirgin ƙasa na Doha da aka buɗe a 2019, kuma mai katin Hayya, wato katin shaidar 'yan kallo, yana hawa kyauta. Har akwai masu kallon wasa biyu a rana ɗaya. A Jamus kuma ƙungiyoyi da yawa sun daɗe suna haɗa kuɗin jirgi da bas a cikin tikitin wasa.

Injiniya Lawal:
Haɗa tikitin yana da kyau, yana rage layi a wurin sayen tikitin jirgi, yana kuma sa mutum ya bar motarsa a gida. Amma kyauta ba ta ƙara tarago. A Euro 2024 an ba mai tikiti damar hawa kyauta na sa'a 36, duk da haka ranar 16 ga Yuni, bayan wasan Ingila da Sabiya a Gelsenkirchen, mutane sun yi sa'o'i suna jira, don ƙananan jiragen kan titi da ke haɗa filin da babbar tasha sun yi kaɗan. Haka a Amurka a 2014, wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa irin na Amurka, a filin MetLife na New Jersey, filin da aka zaɓa don wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2026. An ƙarfafa wa mutane su hau jirgi, fiye da 28,000 suka amsa, adadin da ya zarce abin da aka yi hasashe nesa ba kusa ba, tashar Secaucus ta cushe. Tambayar da ya kamata a yi wa duk mai shiri ita ce mutum nawa hanyarsa ke fitarwa a sa'a ɗaya bayan usur na ƙarshe, kuma in layi ɗaya ya tsaya, ina na biyu.

Hajiya Rabi:
Injiniya, a taƙaice, in za mu sake kai Baba, me za mu nema tun kafin ranar?

Injiniya Lawal:
Ku tuntuɓi ofishin filin tun lokacin sayen tikiti, Hajiya. Manyan ƙungiyoyi da yawa suna da jami'in da ke kula da masu buƙata ta musamman. Ku nemi takardar izinin wuce shinge a rubuce, da sunan titin da za ku shigo ta kansa, da lokacin da ake rufe shi, don sau da yawa jami'in da ke bakin shinge ɗan kwangila ne na ranar, abin da ke hannunku kawai zai duba. Ku kuma tambayi ta inda za ku fita, domin wasu filayen ba sa sakin motocin da ke kusa sai masu tafiya a ƙafa sun ragu.

Baba Direba:
Ƙari a kan haka, Hajiya, in an ba ku wurin fakin ku juya motar hancinta ya kalli ƙofar fita tun da rana. Da dare in jama'a suka fito, ba wanda zai ba ku sararin yin ribas.